Kabu-kabu da Dokokin da Ake Yi Mana a Bayan Idonmu

Lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991, babura a Kambaza 'yan kaɗan ne, kuma mun san masu su: malamin makaranta, malamin gona, sai mai allura. Ba a jima ba Jincheng na China ya shigo da araha, daga baya Bajaj na Indiya ya biyo, sai ga samarin da a da cin rani kawai suka sani sun sami sana'a a ƙofar gida. Abin da Kanawa ke kira acaɓa, mu nan kabu-kabu muke ce masa, kamar yadda ake faɗi a Sakkwato har zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi.

Yayana yana cikinsu. Wani ɗan kasuwar albasa ne ya ba shi mashin a kan balas, kullum da dare ya kai kuɗin mai shi, abin da ya rage nasa ne. A filin ƙwallo ya koyi hawa, abokinsa na riƙe masa ta baya. Babu wanda ya nuna masa yadda ake jan birki a kan yashi, ko yadda ake shan kwana da buhu biyu a baya. Da wannan mashin ya kai mata masu naƙuda asibitin Gwandu cikin dare, da shi ya biya mini kuɗin jarrabawa. Ni ma da hutu nakan karɓa in yi 'yan goyo zuwa Aliero ko Jega. Inna ba ta taɓa sakin jiki da abin ba. Duk safiya maganarta ɗaya ce: "Ku bi a hankali, ƙarfe ba ya da ɗan'uwa."

Akwai ƙungiya a bakin tasha, reshen ACOMORAN, ƙungiyar masu kabu-kabu ta ƙasa. Mutanen gari suna ganin aikinta yankan tikiti ne kawai, amma na ga littafinta da idona: tsohon littafin makaranta mai layi, bangonsa ya sha mai da ƙura, an rubuta sunaye rabi da boko rabi da ajami, gaban kowane suna abin da ya bayar. Daga nan ake fitar da kuɗin ɗori idan wani ya karye, a ɗauke shi zuwa Aliero wurin masu ɗorin gado. Na taɓa raka wani abokin yayana can. Ƙafarsa tana cikin tsinken kara an ɗaure da tsumma, shi kuwa ba zafin yake kuka da shi ba, tambaya yake wa zai biya balas na watannin da zai yi kwance. Wanda ya faɗi da ka kuwa ba ya isa Aliero. Ƙashi ana ɗora shi, kai ba a ɗora shi.

Shi ya sa har yau batun hular kwano ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta fara tilasta wa mai tuƙi da fasinjansa sa hular. Dokar gaskiya ce, kuma da an bi ta da wasu da muka binne suna nan da ransu. Amma ta iso mana ne ta rediyo, da sunan kamu da tara. Nan take hular ta yi tsada a kasuwa. Fasinjoji suka ƙi ta: wani ya ce tsoron ƙwarƙwata da makero yake, wani ya ce za a yi masa asiri da ita, dattijo mai rawani ya ce ina zai sa ta. A Kano har aka ga masu kife ƙoƙo a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya. Yayana ya sayi tasa, mai arha, ya rataye ta a kan mashin, sai ya hango shinge yake sa wa. Cikin 'yan watanni maganar ta mutu. Da an zauna da ƙungiya tun farko, a ba ta hulunan a kan rangwame tana cirewa daga tikiti, a sa limamai su yi magana a huɗuba, da ba haka aka ƙare ba. Ita ma ƙungiyar ƙarfinta ya tafi ne wajen neman a sassauta, maimakon neman a sauƙaƙa wa 'ya'yanta mallakar hular.

Bayan wannan sai dokokin suka koma na hani. Abuja ta kori masu babur daga tsakiyar birni a 2006, zamanin Nasir El-Rufa'i yana minista. Maiduguri ta hana babur a 2011. Legas ta yi dokarta a 2012 wadda ta rufe musu hanyoyi 475. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin. Ba na musun dalilin tsaro, an kashe mutane da babur. Sai dai mu a nan abin da muka gani shi ne samarinmu suna dawowa daga kurmi a bayan tirela, wasu da mashin, wasu da jaka kawai don an ƙwace. Tasha ta cika, fasinja bai ƙaru ba, sai gudu da rige-rige suka ƙaru.

A Yulin 2022 ministan shari'a Abubakar Malami, ɗan Birnin Kebbi, ya sanar cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babur a ƙasa baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Ranar yayana ya kira ni. "Kai da ka yi boko," in ji shi, "su waɗannan da mi suke so mu kai marar lafiya asibiti? Da jaki?" Ƙungiyar ta ƙasa ta fito ta yi ƙorafi, ba a kuma aiwatar da hanin ba. Abin da nake so in gani shi ne reshenmu na jiha ya riga kowa zuwa majalisar dokoki a Birnin Kebbi da nasa buƙatun a rubuce: wurin koyon tuƙi a kowace ƙaramar hukuma, lasin mai sauƙin kuɗi, riga mai lamba da za ta raba ɗan kabu-kabu da ɓata-gari, da asusun jinya da doka ta san da shi.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya sake rikicewa. Yayana ya bar hawa, ɗansa ne a kan mashin yanzu. Don kuɗin mai ya fita, yaran suna ɗaukar mutum uku a goyo ɗaya, kuma idan sun zo gangara sukan kashe inji su bar mashin ya tafi da kansa.