Kango Ake Ci?

Ran da na gaya wa mahaifina cewa in na gama digiri aikin binciken tsofaffin garuruwa da koyar da shi nake son yi, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kango ake ci?" Na yi shiru, don kuwa shi ya kai bijiminsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar, ya biya mini kuɗin makaranta.

To, amma ga abin da ya hana ni sakat. A hutun bara na zauna da kakana a Gumel, ya ba ni labarin yadda Sarki Ɗan Tanoma ya taso da sarauta daga Tumbi ya dawo nan. Ya sa sandarsa ya zana mini a ƙasa inda ganuwa ta bi. Da na fita nema, gidajen bulo na tarar. Samari uku na tambaya, ba wanda ya taɓa ji. Haka tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, a layin Kano zuwa Nguru, inda ya ce ya yi dakon gyaɗa. Kullum nake wucewa, ban taɓa leƙawa ba. Kanawa dai suna da Gidan Makama, mu fa?

Na ce masa da hutu mai zuwa zan dawo in naɗi muryarsa. Kafin watan azumi Allah ya yi masa rasuwa. Zanen nan kuwa tun a daren awaki suka tattake shi.

Har yanzu Baba bai amince ba.