Buhunan yashi a bakin mafita

Wanda ya tashi a ƙasar Madarumfa ba ya ɗaukar tsayayyen ruwa abin mamaki. Tafkin yana nan rani da damina, kudu da Maraɗi, Gulbin Gabi na zuba masa, masunta na fitar da karfasa da tarwaɗa, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun dajinsa da kaburburan cikin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, a 2019 kuma ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Sai dai tafki na waɗanda ke bakinsa ne. Mu da ƙauyenmu ke kan jigawa, ruwan sama wucewa kawai yake yi ta ƙoramar gabas da gari, ya kwashe ƙasar gonaki, kafin la'asar sai rairayi.

Shi ya sa muka yi gayya muka datse ƙoramar. Kawuna, wanda ya tsufa a aikin gine-ginen karkara, shi ya tsara aikin. Ya sa aka haƙa rami har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka cika shi da laka da aka ɗebo daga fadama a amalanken shanu. Ganuwar kuma ba tula ta aka yi ba: a shimfiɗa ƙasa kaurin taƙi guda, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wata. Ya hana a dasa itace ko ɗaya a kanta, domin saiwa idan ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Kiri-kiri kaɗai ya yarda a shuka. A can gefe, a kan ƙasar da ba a taɓa ba, ya yanka mafita mai faɗi, ƙasa da saman ganuwar da kamu biyu, aka jera mata duwatsu. Samari sun yi ta gunaguni a kan mafitar nan. Sun ce ta ci ƙarfinsu fiye da ganuwar, ga shi aikinta zubar da abin da ake wahalar tarawa.

Don shayar da dabbobi da ɗan noman rani muka yi kududdufin, amma ba su ne suka fara cin moriyarsa ba. Kwaɗi ne suka fara, sai zalɓe ya biyo su. Bado ya fito ba wanda ya shuka shi. Yara suka kawo ƴaƴan tarwaɗa daga tafki a jarka, gaiwa kuwa ba mu san ta inda ta shigo ba. Da ɗari ya kama, kirinjijiya suka riƙa sauka da almuru suna fito, wani lokaci har ɗinya, tare da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu gudun sanyin Turai. Da safe ka ga sawun zomo da na dila a kan laka, ga guza kwance yana shan hantsi. Ni malamin lakwal ne, sai na mayar da wurin aji na biyu, kuma da yake na iya rubutu aka damƙa mini littafin kula da madatsar.

Abin da ke ci mini rai shi ne kafin watan Maris ya ƙare ruwan ya ƙafe. A ƙasarmu rana da iska kaɗai suna iya shanye abin da ya kai mita biyu a shekara daga buɗaɗɗen ruwa, ban da wanda ƙasa ke tsotsewa. Ga shi kuwa duk watan Agusta ina tsaye ina kallon ruwa na kwarara ta mafita. Na zauna na yi lissafi: idan aka ɗaga bakin mafitar da layi biyu na buhunan yashi, ruwan zai ƙara wata guda ko fiye. A damina ta 2020, lokacin Kawu yana Maraɗi, na kira wasu samari da yamma muka jera buhunan. Ban shawarci kowa ba, domin na san amsar da za a ba ni.

Lissafina na faɗin kududdufi daidai ne. Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan da ƙorama ke iya kawowa a dare ɗaya idan ƙasa ta riga ta ƙoshi. Ban kuma lura ba cewa yashin da ke gangarowa kowace shekara ya cinye wani sashe na cikin kududdufin, zurfin da ke littafina ba shi ne ke ƙasa ba. Sannan tsakiyar ganuwar ta ɗan lotsa, inda shanu suka mayar hanya. Kamu biyun nan da nake gani asara ce, su ne tazarar da ke hana ruwa hawa kan ganuwa, kuma na cinye fiye da rabinsu. Ganuwar ƙasa tana jure ruwan da ya jingina da ita shekara da shekaru. Wanda ya bi ta kanta ne ba ta jurewa. Yana zubowa ta baya sai ya fara gutsurar ta daga gindi, yana ci yana dawowa, har ya buɗe ƙofa. Marka ta sauka da dare, gari na wayewa muka tarar da giɓin da mota za ta wuce. Ba a yi asarar rai ba. Gonar dattijon da ke ƙasa da mu kuwa, geronta ya fara fitar da kai, yashi ya binne ta.

Mutane suka ce ikon Allah. A shekarar har a Yamai kogin Kwara ya fasa ganuwa ya shiga unguwanni, wa zai tuhumi ƴar madatsar ƙauye? Tsofaffi suka tuno da madatsar Bagauda ta Kano da ta fashe a 1988. Na yi shiru, na bar su a haka, kuma shirun nan ya fi buhunan muni.

Da Kawu ya dawo bai tsaya a giɓin ba. Kai tsaye ya nufi mafita, ya tarar da buhuna a jere. Ya kira ni gefe.

"Ɗan nan, wa ya rufe wa ruwa ƙofa?"

"Ni ne, Kawu."

"To, je ka faɗa wa mai gonar da bakinka, kafin ya ji a bakin wani."

A gaban mai gari na faɗa. Aka yanke zan biya dammunan gero cikin kaka biyu, na kuma biya. Amma maganar dattijon ta fi biyan nauyi. Ya ce, "Malam, ko da ganuwar ba ta fashe ba, ka ci haƙƙina. Ruwan da ke fita ta can shi ke jiƙa mini gindin gona, da shi nake samun dawa. Ba zubewa yake yi ba, wurina yake zuwa."

Ni da na sha tsayawa gaban yara ina ba su labarin madatsar Jibiya! Ita ma ta ƙasa ce, a kan kogin Gada a jihar Katsina, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142. Kogin nan shi ne Gulbin Maraɗi idan ya tsallako iyaka, kuma manoman fadama a nan sun daɗe suna kukan cewa tun da aka gina ta gulbi ya rage malala kamar da. Har yarjejeniya Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da wannan. Na haddace duka, ina koyar da shi da zafin rai, ban taɓa tunanin buhu da shebur za su sa ni a matsayin na sama mai tare wa na ƙasa ba.

Da rani aka sake gayya. An cike giɓin da laka kamar farko, an faɗaɗa mafitar, an ɗaure duwatsunta cikin ragar waya, an kuma yi wa shanu mashaya a gefe don su daina hawa ganuwa. Littafin ya koma hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu ɗan dattijon nan ne. Neman ƙarin ruwa kuwa ta ƙasa muke yin sa yanzu: idan kududdufi ya ƙafe sai a yashe shi, a kai baƙar ƙasar gonaki. Nan ma gardama ta taso, domin gaiwa cikin busasshiyar laka take kwanciya har ruwa ya dawo, masu yasa kuma suna tono ta su kai tukunya. An daidaita a kan a riƙa barin gefen arewa ba a taɓa ba, a yashe na kudu, bayan shekara biyu a juya.