Manhajar da ke nuna inda biba za ta datse ruwa

Jama'a, a Amurka akwai wata dabba da ake kira biba. Kamar ƙatuwar gafiya take, mai faffaɗar wutsiya. Da haƙoranta take sare itace, ta haɗa da laka ta datse rafi. Ruwan da ta tare sai ya riƙa tsuma cikin ƙasa, wurin ya zauna kore har lokacin rani. Shi ya sa a yammacin ƙasar, inda fari ke damunsu, ake kwaso ta ana kai ta rafukan da suka lalace.

To amma ba ko'ina take zama ba. In aka sake ta inda babu abincinta, ko inda ambaliya ke share komai, an yi asarar kuɗi, ita ma wataƙila ta mutu.

Masana a Jami'ar Jihar Yuta suka haɗa wata manhaja mai suna BRAT. Tana yanka rafi guntu-guntu a kan taswira, ta bincika kowane guntu. Ruwa na zama duk shekara? Akwai itatuwan da biba ke so cikin mita 30 da kuma cikin mita 100 daga gaɓa? Ƙarfin ruwan zai bari a yi gini? Ambaliyar da kan zo duk shekara 2 za ta rushe shi? Gangaren ya yi yawa? Daga nan ta ƙiyasta datsi nawa wurin zai ɗauka, daga sifili zuwa 40 a kilomita ɗaya.

Ni abin ya burge ni ne saboda haka muke aiki a shago. Waya ta ƙi caji, ba na afka wa fanel da wuta. Sai na buɗe zanen layukansa na ware wuri biyu ko uku da nake zargi, sannan in gwada su ɗaya bayan ɗaya. Zanen yana rage min wahala, amma gwajin dole ne. Su ma haka: taswira ta nuna, mutum ya taka da ƙafa ya gani.

Kuna son ganin aikin biba? Ku buɗe Google Earth a wayarku, ku nemi gandun Wood Buffalo a Kanada. A can wani mai bincike ya gano datsi mai tsawon sama da mita 700 a 2007, ta hoton tauraron ɗan adam kawai.