Wai Waye Ba Shi da Kan Lissafi?

Ku matso, 'yan uwa, ku gyara zama, yau hirar tamu ce mu kaɗai. Akwai wata magana da take yawo a gidajenmu, kowa ta san ta: "Wane ba shi da kan lissafi." Yaro ɗan shekara 7, ko famfara bai gama ba, amma an riga an yanke masa hukunci. Goggo ta ce gado ya yi, dangin uwarsa haka suke. Inna ta ce a'a, a duba dai can wajen uban, sai a kwashe da dariya har da tafawa. Mu ma mu taya, ai abin da ban dariya. Amma ku ɗan saci kallonsa, ga shi can gefe yana wasa da murfin kwalba kamar bai ji ba. Ya ji, wallahi ya ji, kuma ya adana. Allah sarki.

Ni abin da ke ɗaure min kai, ƙawayena, yarinyar da aka ce ba ta ja a aji, ɗora mata farantin awara ki sha kallo. Naira 50 ɗaya, ki ɗauki 7, ki miƙa mata 500, kafin ki rufe jaka ta miƙo miki 150, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mu kanmu fa? Wadda za ta rantse miki ba ta san lissafi ba, taɓa mata zubin adashe ki gani, nan take za ta faɗa miki wa ta kwasa, wa ta rage, wa ake bi zubi biyu, har da na bara! To ashe a Burazil ma haka abin yake. A 1985 wasu masana suka wallafa abin da suka gani wajen yara 5 masu talla a birnin Recife. Suna zuwa musu a matsayin masu saye. Wani ɗan shekara 12 yana sayar da kwakwa 35 kowace ɗaya, aka ce a ba da 10, sai ya bi ta hanyarsa: uku 105, wasu ukun 210, wasu ukun 315, ga ɗaya ta rage, 350. A wajen talla yaran nan sun ci kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka rubuta musu irin lissafin a takarda, lambobi zalla, sai suka dawo kashi 37. Kai ɗaya ne fa, bai canja ba tsakanin bakin titi da benci. Kai, jama'a!

Wata farfesa a Jami'ar Stanford ta Amurka, Carol Dweck, a kan yadda yara suke kallon basirarsu ta ƙarar da shekarunta, har ta fitar da littafi a 2006. Abin da ta lura da shi mai sauƙin faɗa ne. Akwai yaron da ya yarda basira rabo ce da aka raba aka gama, ko kana da ita ko ba ka da ita. Irin wannan in ya ci karo da abu mai wuya, sai ya ɗauka asirinsa ne ya tonu, ya ja da baya. Akwai kuma wanda ya yarda basira tana ƙaruwa da koyo da gwadawa; shi wuya ba ta kunyata shi, alama ce kawai cewa bai kai wurin ba tukuna. Ku tuna yadda gabanmu yake faɗuwa in malam ya ɗago alli yana neman wanda zai fito gaban allo, kowa ta sunkuyar da kai tana addu'a a zuci. Ba lambobin muke tsoro ba, kunyar muke tsoro. Hmm, an sha fama.

Ga inda abin ya taɓa ni sosai, don ya shafi bakinmu mu iyaye masu son 'ya'ya. A 1998, ita Dweck da abokiyar aikinta Claudia Mueller suka ba yara 'yan aji biyar wasu tambayoyi na wasa ƙwaƙwalwa. Da suka gama, wasu aka yabe su da cewa lallai suna da kaifin basira, wasu kuma aka yabe su da cewa lallai sun dage. Jimla ɗaya tak ce bambancin. Da aka ce su zaɓi aiki na gaba, akasarin waɗanda aka kira masu basira sai suka zaɓi mai sauƙi, kada sunan ya ɓaci. Da aka ba kowa mai wuya suka sha ƙasa, su ne suka fi saurin karaya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa dagewa kuwa, a zagayen ƙarshe har sun fi yadda suka fara. Kada wata ta ce na hana ta kiran ɗanta gwanina, ɗan albarka, sarkin gida. Haba, wa zai iya dainawa? Mu ci gaba da lelensu. Sai dai in an zo kan littafi, mu yabi abin da idonmu ya gani: "Na ga ka goge ka sake har sau uku, ka burge ni." Ku ga yadda zai washe baki da giɓinsa, wayyo daɗi!

Bari in kawo muku shi kusa. An ba 'yar autarki 27 a tara da 15, ta rubuta 312. Na san zuciya, nan take za ta ce miki ki yi tsaki. Dakata, 'yar uwa, ki ce mata, "Zo nuna min yadda kika yi." Za ta nuna miki: 7 da 5 sun ba ta 12, ta rubuta, 2 da 1 sun ba ta 3, ta rubuta a gaba. Kin gani? Tarawarta daidai ce duka biyun, abu ɗaya ne bai zauna mata ba, cewa wannan 2 ɗin ashirin ce. To miƙa hannu ki zaro tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da zare. Ɗauri 2 da tsinke 7 a nan, ɗauri 1 da tsinke 5 a can. Ta haɗa tsinkayen, sun zama 12, sai ki tambaye ta ko za su isa a yi sabon ɗauri. Ki yi shiru, kada ki faɗa mata, ko da bakinki yana ƙaiƙayi. Za ta ƙirga 10, ta ɗaure da kanta, ta dubi ɗauri 4 da tsinke 2, ta ɗago ta dube ki: "Umma, 42 ne!" Wannan ihun, ko sabon leshi bai kai shi daɗi ba. Tsintsiyar ce dai za ta rame, hahaha.

Sai kuma mu yi hattara da tsoron da muka taso da shi, don yana naso. A 2010 Sian Beilock da abokan aikinta a Jami'ar Chicago suka bi malamai mata na aji ɗaya da aji biyu. Inda malama take fargabar lissafi, zuwa ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi karkata ga yarda cewa lissafi na maza ne, waɗanda suka yarda da hakan kuma makinsu ya yi ƙasa. 'Yan matanmu suna kallon fuskarmu fiye da yadda muke zato. "Ni ma ban iya ba, je ki jira babanku" tana fita a baki da sauƙi, amma abin da yarinya ta ji shi ne mace ba ta iyawa. Gara mu ce, "Zo mu duba tare." Ita kuma bulala a kan haddar sau, da wa-zai-riga-faɗa, sauri kawai suke koyarwa da rawar jiki. Yaro mai nawa a tunani sau da yawa mai zurfafawa ne, a bar shi ya ƙirga da yatsunsa, ai don amfani aka yi su. Oh, ni 'yasu.

Tsakaninmu dai, ba zan ce muku wannan maganin komai ba ne. A 2019 an gwada koyar da wannan tunani ga ɗaliban sakandare sama da 12,000 a Amurka. Ya taimaki masu rauni, amma ɗagawar kaɗan ce. Ita Dweck da kanta ta yi gargaɗi cewa a yi ta ce wa yaro "dage, dage" alhali hanyar da yake bi ba ta ɓullewa, ba taimako ba ne. Sai an nuna masa wata dabarar. Kuma daɗin baki ba zai rage cunkoson aji ba, inda malami ɗaya ke fama da yara maƙil, wasu a ƙasa. Shi ya sa nake jin daɗin tsarin nan da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, wanda ya iso jihohi irin su Borno da Kano: a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a fara daga inda kowa ya tsaya. Kun san da me suke koyar da goma-goma? Da tsinke da ɗauri! Ashe kayan aikin yana bayan ƙofa tuntuni.

In kuma wani ya ce muku lissafi ba namu ba ne, ku ba shi labarin Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yana jan hankalin ɗalibansa kada su karaya in gidajen hatimin sun ƙi daidaita. Ku zana wa yara gida 9 a ƙasa, su jera 1 zuwa 9 yadda ko ta ina aka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, zai ba da 15. Za su ɓata, su share da tafin hannu, su sake, su yi ta musu har a kira magariba.

Don Allah, 'yan uwa, daren yau in an kawo muku aikin gida da amsar da ba daidai ba, ku riƙe tsakin, ku ce, "Nuna min yadda ka yi." In mun haɗu sai kowa ta ba mu labarin abin da ta ji.