Auta, Kada Ka Liƙe Bonet Ɗin Tukuna



Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Mu ma nan Charlotte lafiya lau, sai ɗan sanyi da ya fara leƙowa.

Hotunan ƙaramar motar da kake harhaɗawa sun iso. Fenti ya yi kyau, ma sha Allah. Shuɗin nan na direban tsere Richard Petty ba kowa ke dacewa da shi ba, lamba 43 kuma ta zauna daram a ƙofa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne cewar da ka yi saura ka sa wa bonet gam ka rufe, wai ba mai leƙa ciki. Dakata tukuna. Na duba hoton injin, ba tiyon ruwa ko ɗaya, lagireto kuma yana tsaye shi kaɗai ba abin da ya haɗa shi da inji. Da ta gaske ce, ba za ta yi zagaye biyu ba za ta tafasa.

Ka san wace mota ce a hannunka? Plymouth Superbird ce ta 1970, wadda kamfanin ya ƙera har da nufin dawo da Petty, bayan ya koma tuƙa Ford a 1969. 'Yar'uwarta Dodge Charger Daytona ce Buddy Baker ya haura mil 200 a awa da ita a filin Talladega cikin Maris 1970, wato sama da kilomita 320. Kowa dogon fiffiken baya yake kallo, ni kuwa hancin ne ya fi ɗaukar hankalina. An tsawaita shi, an fiƙe shi don ya tsaga iska, sai aka bar ɗan siririn baki kawai da iskar za ta bi ta kai ga lagireto. A bayan wannan ɗan bakin akwai injin Hemi 426, mai lita 7, wanda za a taka har ƙasa na tsawon mil 500. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona, ruwa ne ke kwashe shi. Ka buɗe bakin da yawa, iska ta cika cikin mota ta rage mata gudu; ka matse shi, allurar zafi ta haura. Tsakanin waɗannan biyun makanikan gasar tsere ta NASCAR suke ta lissafi, shi ya sa a da ake manna salatif a gaban mota ana ɓarewa. Takardar da ɗan kallo ya yar, idan iska ta manna ta a bakin, tana iya kashe inji. Dabarar direba a nan ita ce ya matsa dab da bayan motar da ke gabansa, iskar da ke danne takardar ta yanke, ta faɗi da kanta.

To, ga aikin. Kwalinka ya ce 1:25, don haka komai ka raba shi gida 25. Tiyon ruwa mai kaurin inci ɗaya da rabi zai dawo milimita 1.5 ke nan. Je wajen masu gyaran rediyo ka nemi wayar dalma mai wannan kauri. Tana lanƙwasuwa da yatsa, kuma inda ka ajiye ta nan take tsayawa. Guda biyu kake buƙata: ta sama tana fitowa daga gaban inji ta kai ruwan zafi saman lagireto, ta ƙasa kuma tana ɗauko wanda ya huce ta kai wa famfon ruwa. Ka huda gurbinsu da ƙaramin abin huji kafin ka sa gam, in ba haka ba za su ɓalle ranar da ka ɗaga motar. Baƙin fenti marar sheƙi za ka shafa musu, roba ce ai. A kowane baki ka naɗa siririn zirin takardar azurfa ta cikin kwalin shayi, ya zama maɗaurin tiyo. Idan hanyar ruwan ta rikice maka, ka samu bakanike ya buɗe maka tsohuwar Fijo 504 ka bi tiyo da ido. Tsarin ɗaya ne, girma ne ya bambanta.

Lagireton kansa, ka daure kada ka yi masa ruwan azurfa don ya yi walƙiya. Mafi yawan na wancan zamanin tagulla ne da baƙin fenti. Ka tsinka fentin sosai ya gangara cikin ramukan, idan ya bushe ka shafi saman da burushi kusan busasshe, layukan su fito. Fambel ɗin da ke zuwa a kwali kuwa kullum kauri gare shi fiye da kima, sai ka bi shi da samfefa a hankali. Sassan injin da aka yi wa ƙyalli, jiƙa su a ruwan bilic, ƙyallin zai tashi, ka sake musu fenti. Masu tsere ba ado suke yi wa inji ba.

Ragar da ke tare tsakuwa a bakin hancin ita ce mai wahala. Kada ka yanko matacin shayi. Ramin da ya kai milimita ɗaya a wajenka, a motar gaske milimita 25 ne, dutse zai wuce salin alin. Yadin shara-shara mai ƙananan ido da ake samu wajen teloli ya fi, a fesa masa baƙi sama-sama.

Idan kana son alamar ruwa ya taɓa zuba, yi ta da launin tsatsa, ban da kore. Ruwa zalla ake zuba wa motocin nan, domin ruwan sanyaya inji mai launi yana sa hanya santsi idan ya malale.

Motar ba ta daɗe a fage ba. A 1971 NASCAR ta taƙaita injin irin waɗannan masu fiffike, aka ajiye su. Tunda ita ka zaɓa, ka ƙarasa ta yadda masu ita suka gina ta. Bar bonet ɗin a sake, ana ɗagawa ana mayarwa. Idan ka gama tiyo biyun ka turo mini hoto daga sama, da rana, ban da fitilar waya.

Ka gaishe da Inna, ka ce saƙonta yana hanya.

Naka,
Yayanka