Tsohuwar Mota da Sabon Sanyi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina da bazara, ya ratsa ta Kankiya da tsakar rana, ya san abin da ake kira zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40, wani lokaci har ya ɗara. Ƙarfen mota ya gasu, kujera ta yi kamar tanda, in aka sauke gilashi kuma iskar da ke shigowa ba ta kawo komai sai ƙura da hucin kwalta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai tsohuwar mota ya yi sha'awar a sa mata na'urar sanyi, wadda direbobi ke ce wa esi.

Tsohuwar motar da aka fi sani a wannan ƙasa ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka yi ta fitar da ita har zuwa 2006. Gwamnati ta hau ta, sarakuna sun hau ta, 'yan haya kuma sun yi ta jigilar fasinja da doguwarta tsakanin Kano da Katsina shekara da shekaru. Yanzu an daina ƙera ta, sauran da suka rage sai ƙara daraja suke yi a wurin waɗanda suka san ƙimarsu. Da yawa daga cikinsu kuwa ba su zo da na'urar sanyi ba tun asali, waɗansu kuma sun zo da ita amma ta mutu tuntuni.

Akwai wani malamin makaranta a Kusada, wanda ya yi ritaya, ya gaji irin wannan mota daga mahaifinsa. Ta daɗe a jibge a bakin zaure, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da ya karɓi kuɗin sallama sai ya ƙudura zai tayar da ita, domin a cikinta aka kai shi makaranta yana yaro. Aka jawo ta zuwa Kankiya wurin wani tsohon bakanike. Abin da ya fara roƙo shi ne a sa mata sanyi da sabon fenti kafin azumi.

Bakanike ya buɗe bonet ya duba, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, sa'an nan ya tashi ya ce, "Malam, sanyi shi ne abu na ƙarshe. In na sa maka shi yau, ba za ka kai Charanci ba injin zai tafasa."

Malam ya ce, "To, Baba, mene ne haɗin sanyin ciki da zafin inji?"

Tambayar tana da kyau, kuma amsarta ita ce tushen aikin duka. Na'urar nan ba ta ƙera sanyi. Abin da take yi kawai shi ne ta kwashe zafin da ke cikin mota ta zubar a waje. Kowa ya san yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa: ruwan yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin. Haka nan na'urar mota take, sai dai maimakon ruwa tana aiki da wani irin gas wanda yake tafasa tun sanyi yana ƙasa da na ƙanƙara. A ƙarƙashin dashbod akwai wani ƙarfe mai ƙananan bututu, nan gas ɗin yake tafasa ya shanye zafin iskar da fanka ke hurowa. Daga nan kwamfiresa ta zuƙe shi ta matse shi, ta tura shi gaba zuwa kwandensa, inda iskar hanya za ta huce shi ya koma ruwa-ruwa. Sai ya bi ta wani ɗan gwangwani mai tsotse laima, ya fita ta wata 'yar ƙofa matsattsiya, ya sake komawa ƙarƙashin dashbod. Haka yake ta kewayawa muddin na'urar tana kunne.

To, ga inda nauyin yake. Kwamfiresa ba ta juya kanta, inji ne ke jan ta da bel, watau an ƙara masa kaya ke nan, ya kuma ƙara shan mai. Kwandensa kuwa a gaban lagireto ake kafa ta, saboda haka duk zafin da aka kwaso daga cikin mota a fuskar lagireto ake zubar da shi. Injin da ya tsufa, lagiretonsa ya toshe da tsatsa da laka, ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ruwa zai tafasa, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe. Mai mota ya nemi sanyin yini ɗaya ya rasa motar ubansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Don haka bakanike ya bi aikin daki-daki. Ya sauke lagireto aka wanke shi aka like inda yake yoyo. Ya canja famfon ruwa da robobinsa. Ya gyara allurar da ke nuna zafin inji, gama direban da ba shi da ita kamar makaho ne a bakin rijiya. Ya ƙara fanka mai aiki da lantarki a gaban kwandensa, domin in an tsaya a cunkoson kasuwa babu iskar hanya da za ta taimaka. Sabuwar fanka kuma wuta take ci, saboda haka aka duba altaneta da batir, aka ja sabuwar waya mai kauri, aka sa mata fiyus nata na daban. Tsofaffin wayoyin da rana ta busar in aka ɗora musu kaya fiye da ƙarfinsu, gobara suke kawowa.

Akwai kuma wani haɗari wanda ya fi lalacewar inji muni. Mai esi dole ya rufe gilashi. Tsohuwar mota kuwa sau da yawa tsatsa ta huda ƙasanta, salansa kuma ta fashe. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Muddin gilashi yana buɗe iska tana kore ta, amma da an rufe sai ta taru a ciki. Farkon alamarta ciwon kai ne da jiri da gyangyaɗi, direba ya zaci gajiya ce. Saboda haka sai da mai walda ya like kowace ɓula, aka canja salansa, aka sa sababbin robobin ƙofa, kafin a yi zancen sanyi.

Da aka zo kan na'urar kanta, sai aka tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo kayan. A nan ma akwai abin sani. Motocin zamanin 504 da wani gas mai suna R-12 suke aiki. Daga baya masana suka gano yana cinye wani rufi na iska da ke can sama, wanda ke kare mutane daga hasken rana mai cutarwa. A 1987 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a Montreal ta ƙasar Kanada cewa a daina yin sa, aka ba ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya wa'adi zuwa 2010. Wanda ya maye gurbinsa a motoci tun wajen 1990 da 'yan kai shi ne R-134a. Su biyun ba a gauraya su, kuma kowanne da irin man da kwamfiresarsa take so. Kafin a ɗura gas wajibi ne a zuƙe iska da laimar da ke cikin bututu da famfo, a jira a ga ko akwai yoyo. Wanda ya tsallake wannan, ko ya yarda aka ɗura masa gas na jabu don rangwame, zai sha sanyi mako biyu ya dawo. Araha ba ta ado.

Wurin da malam ya tsaya kai da fata shi ne dashbod. Yaran gareji sun so su yanka shi su buɗe ƙofofin iska irin na motocin yanzu. Ya ce a'a, hannun mahaifinsa ya taɓa wurin nan. Bakanike ya goyi bayansa, aka rataya akwatin sanyin a ƙarƙashi da kusoshi, yadda in an so wata rana a kwance shi motar ta koma kamar yadda ta fito daga Kaduna. Masu adana tsofaffin motoci a Turai da Amurka ma haka suke yi: abin da za a ƙara, a ƙara shi ta hanyar da za a iya cirewa, gama sabon kaya ana samunsa a kasuwa, amma na asali in an yanka ya tafi ke nan.

Aikin bai ƙare kafin azumi ba. Sai da damina ta faɗi aka gama, kuɗin da aka kashe a lagireto da walda da waya kuwa ya fi na na'urar sanyin yawa. Amma da bazara ta zagayo motar ta yi ta zirga-zirga tsakanin Kusada da Kankiya, gilashi a rufe, allurar zafi ba ta tashi daga wurinta ba.

Wanda ke da irin wannan mota a gida, yana kuma so ya tayar da ita, ya kamata ya riƙe jerin nan: inji da lagireto tukuna, sa'an nan salansa da ƙasan mota, sa'an nan waya da batir, kana sanyi, fenti kuma daga ƙarshe. In yana hawan tudu da kaya ya ga allura ta fara tashi, ya kashe esi ya sauke gilashi. Kuma ya nemi bakaniken da zai iya ce masa "ba yanzu ba," ya haƙura da shi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.