Hanyar Unguwarmu da Igiyar 'Yan Makaranta

Ya ku 'yan makaranta, labarin da zan ba ku yau na wata 'yar hanya ce wadda ba za ku same ta a taswirar da ke rataye a ajinku ba. Ta tashi daga bakin kwalta, ta bi ta gindin tsamiyar kasuwa, ta ratsa unguwarmu, ta wuce ƙofar makarantar da nake koyarwa, sa'an nan ta gangara fadama. A kanta na koyi tafiya, a kanta aka kai ni makaranta, a kanta kuma muka ɗauki mahaifina zuwa makwancinsa. Saboda haka in kun ji na yi maganarta da zafi, ku yi mini uzuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa wata hukuma ta kula da abinci da hanyoyin karkara, aka yi ta buɗe hanyoyi a ƙauyuka. A zamanin nan ne aka zuba wa tamu jan burji, ina yaro ƙarami, muna bin motar daddaɓe ƙasa muna ihu. Shekaru da yawa ta yi tana ɗaukar kaya ba ta koka ba. Amma hanya kamar soro take, in ba a yi mata yaɓe ba, kowace damina sai ta ci rabonta. Da fari 'yan ramuka ne waɗanda mai keke ke kauce wa. Daga nan ruwa ya yi wa kansa tafarki a tsakiyarta, tafarkin ya zama kwazazzabo, har ya kai masu a-kori-kura suka daina shigowa. Manomi ya noma tumatir a fadama, sai ya biya mai jaki ya kai masa bakin kwalta, kafin mota ta zo rabin kwando ya lalace. Muna gani, muna tsaki, kowa yana cewa ai hukuma ta san da ita.

Sai ga daminar 2022, wadda aka yi ambaliya a jihohi da yawa na Nijeriya, har da maƙwabtanmu na Jigawa. Mu dai ruwan bai ci gidajenmu ba, amma ya ƙarasa hanyar. Wani dare a cikin watan Agusta, ana tsuga ruwa, sai na ji ana buga ƙofata. Ashe maƙwabcina ne, matarsa ce naƙuda ta yi wa tsanani, ungozoma ta ce a gaggauta a kai ta asibiti. Aka kira mai mota, ya zo bakin kwalta ya tsaya, ya ce ko an ba shi kuɗin motar duka ba zai iya shiga ba. Gaskiyarsa ce kuwa. Muka ɗora ta a amalanke, mu shida, wasu na turi wasu na ja, ɗaya na riƙe da fitila, muna nutsewa cikin taɓo har gwiwa. Tafiyar da a da ba ta kai ta shan shayi ba, sai da ta cinye mana fiye da sa'a guda. Uwar ta rayu, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Ba ni da ilmin da zan ce hanya ce ta yi sanadi, kwana ba ya wuce ranarsa. Amma duk wanda ya riƙe amalanken nan a daren nan bai sake kallon ramukan da idon da ya saba ba.

Bayan an share makoki, mai unguwa ya tara mu muka tafi zauren dagaci. Muka zube muka yi gaisuwa, mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, talakawanka ne suka zo da kuka a kan hanya." Dagaci ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji, kuma abin da ya dame ku ya dame ni, gama ni ma ita nake bi. Amma ku sani, rawani ne a kaina, babu baitulmali a hannuna. Abin da zan iya shi ne in shige muku gaba."

A nan wani tsoho, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya gyara zama ya ce shi ya ga zamanin da ba a kawo irin wannan kuka. A zamanin En'e, in ji shi, da ruwa ya ɗauke sai hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci ya aiko wa mai unguwa, kowane gida ya fid da namiji da fartanya da kwando. Dogari na tsaye da bulala, ba mai cewa uffan, cikin 'yan kwanaki hanya ta gyaru. Wasu samari suka ce ashe da can ya fi. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ku dai ba ku ɗanɗana ba. Ana ɗauke mutum daga gonarsa hatsi bai shiga rumbu ba, ga haraji, ga jangali. Hanya ta yi kyau, amma ba don mu aka gyara ta ba, don motar Joji ce da ta masu sayen gyada."

Maganar Baba tana da tushe a tarihi. Aikin tilas a kan hanyoyi sananne ne a mulkin Turawa, har a shekarar 1930 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Janiba don hana shi, ko da yake sun bar ƙofa ga ƙananan ayyukan da jama'ar gari ke yi don amfanin kansu. A shekarar 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi gyara iri ɗaya a dukan Nijeriya, ikon En'e ya kau. A 1979 kuma gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. To, bulala ta tafi, madalla. Amma da ta tafi, sai mu talakawa muka zauna ba mu koyi abin da ya maye gurbinta ba, wato neman hakki ta hanyar da aka tsara.

Zuwanmu na fari sakatariyar ƙaramar hukuma, ba na jin daɗin tuna shi. Muka cika mota biyu, kowa da abin da ke cinsa a rai. Aka ce ciyaman ba ya nan. Muka yi dafifi a ƙofar wani akawu, mutum goma na magana a lokaci guda. Ya tambaye mu tsawon wurin da ya lalace, wani ya ce da nisa, wani ya ce duka. Ya tambaya kwalbati nawa ake bukata, muka dubi juna. Ya ce ina takardarmu, babu. Ya ce za a duba, muka komo da yamma ba mu ƙaru da kome ba sai kuɗin mota da muka yi hasara. A hanya ana ta zaginsa, ni kuwa kunya ce ta rufe ni, domin ni ne malamin makaranta a cikinsu, na kuwa tafi hannu rabbana kamar wanda bai taɓa riƙe alli ba.

Daren nan na nemo tsarin mulkin 1999 na karanta. Ashe hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: akwai na Gwamnatin Tarayya, akwai na jiha, akwai na ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774, jihar Kano kaɗai tana da 44. A jadawali na huɗu an lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da ginawa da kula da hanyoyi da tituna da magudanan ruwa. Wato abin da muka je roƙo kamar sadaka, aikinsu ne a rubuce.

Kashegari na shiga aji shida na ce yau darasin lissafi a waje za a yi shi. Muka sami igiya muka auna ta mita 10, muka ƙulla mata alama a kowace mita. Yara biyu na jan igiya, ɗaya na kafa tsinke, ɗaya na rubutu. Suka auna tsawon hanyar tun daga kwalta har fadama, suka zura gora cikin kowane rami suka rubuta zurfinsa. Da aka yi ruwa kuma muka fita muka bi shi da ƙafa, don mu ga inda ya fito da inda ya nufa. Wata yarinya, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita ta lura da cewa wuri uku ne kaɗai ruwa ke ƙetare hanya, sauran ɓarnar duk daga nan ta samo asali. Ta zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, ta sa jan alli a wuraren nan uku.

Muka rubuta takarda shafi guda, babu zagi, babu kirari. Muka faɗi abin da ya lalace da awonsa, da abin da muke nema, wato kwalbati uku da gireda da burji, da abin da mu za mu ɗauka, wato haƙar lambatu da ciyar da ma'aikata. Masu gida suka sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala, dagaci ya buga hatiminsa. Wannan karon mutum biyar kaɗai suka tafi, da kansilan mazaɓarmu a gaba, gama mu muka zaɓe shi, aikinsa ne ya kai mu. Muka yi kwafi biyu, muka roƙi akawu ya buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kan namu. Bayan mako biyu muka koma da kwafin nan, bayan wani mako biyun muka sake komawa. Ba mu ɗaga murya ba, ba mu kuma daina zuwa ba. A zuwa na huɗu muka ga ciyaman. Dagaci ya ce, "Yallaɓai, ga takardarmu, ga kuma aikin 'ya'yanka." Ya daɗe yana duban taswirar nan, ya ce wa ya zana, aka gaya masa. Sai ya sa aka kira injiniya.

Ranar da injiniya ya zo, mun sha magana mai ɗaci. Ya bi hanyar da ƙafa, ya tsaya a bakin kududdufi ya ce wa ya haƙa wannan? Mu ne, nan muke ɗibar ƙasar gini, har mun ci gefen hanya. Ya nuna tsohon lambatu wanda ya cika da shara da leda. Ya nuna dakali uku da aka gina a kan mabiyar ruwa, ɗaya kuwa na ƙofar gidana ne. Ya ce, "Malam, babban abokin gāban hanya ruwa ne, mota tana bayansa." Ya bayyana mana cewa hanya sai an yi mata doro kamar bayan kunkuru, tsakiya ta fi gefe tudu, don ruwa ya zame ya faɗa lambatu, lambatu ya kai shi kwalbati, kwalbati ya fid da shi ta ƙarƙashi. Wannan ilmi tsoho ne. Wani mutumin Sikotilan, John McAdam, wanda ya rasu a 1836, ya koyar da cewa ƙasa da kanta tana iya ɗaukar nauyin kaya muddin an tsare ta a bushe. Mu kuwa mun toshe wa ruwa ƙofa, sa'an nan muna mamakin ya shigo ta taga.

Ni na fara rushe dakalina, don ba ni da bakin yi wa wani magana nawa na tsaye. Da kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, aka yi shelar gayya. Ba dogari, ba bulala, sai mai ganga da kunun da mata suka dama. Baba, da ba ya iya ɗaga diga, ya sa aka kai masa tabarma bakin aiki, ya ce yana so ya ga yadda ake gyaran hanya ba a doki kowa ba.

Kada ku zaci mun sami duk abin da muka nema. Gireda ta zo a cikin rani na 2023, aka zuba burji, aka gina kwalbati biyu. Na ukun, na wajen fadama, aka ce sai kuɗi sun samu, kuma takardarsa tana nan a aljihun mai unguwa da hatimin karɓa a kanta. A ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Da muka ji, sai muka ƙara layi ɗaya a takardar muka sake kai ta. Mota dai tana shiga unguwa har ƙofar makaranta, matar maƙwabcina kuma ta sake haihuwa, a cikin mota aka kai ta.

To, 'yan makaranta, ga abin da nake roƙonku. A garinku akwai wata hanya, ko rijiya, ko gada, wadda kowa ke wucewa yana tsaki. Iyayenku sun san ciwon, amma da yawansu ba su iya sa shi a takarda ba, ku kuwa an koya muku awo da rubutu da zanen taswira. Ku tambayi wanda aikin ya rataya a wuyansa, ku auna, ku rubuta da ladabi, ku riƙe kwafi, ku bi ta hannun manyanku. Ku kuma duba ko akwai dakalin gidanku a kan mabiyar ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun rani ake share lambatu. Mu a unguwarmu mun sa Asabar ta farkon watan Mayu, kuma igiyar nan tana rataye a aji shida, kowace shekara sababbin yara ke fita da ita.

Wassalam.